Haorin da Na Ɗinka a Serdang, da Ranar da Muka Kai Shi Comic Fiesta

Sharaɗi uku muka gindaya wa yarinyar nan, ni da Abbansu, kafin mu yarda ta je Comic Fiesta: ba za a ga gashinta ba, kaya ba za su kama jikinta ba, sannan ƙafata ƙafarta. Na ukun ne ya fi ci mata rai. Budurwa 'yar shekara 15 ba ta ƙaunar ƙawaye su gan ta da uwa a biye, balle uwa mai atamfa da mayafi. Ta yi kumbure-kumburenta, da ta ga babu fuska ta ce ta ji ta gani. 'Yar fari ce, sai ku yi mini uzuri, ba za ku ji sunanta a bakina ba.

A Serdang muke zaune, kudu da Kuala Lumpur, kusa da jami'ar UPM inda maigidan ke neman digirinsa na uku. Ni kuwa kullum ina kan keke: kayan yara, kayan Sallah, da 'yan gyare-gyaren matan 'yan uwa 'yan Najeriya da ke unguwar. Yaran a nan suka yi wayo, abin da 'yan ajinsu ke kallo shi suke kallo, wato katun ɗin Japan da suke kira anime, da littattafan zanensu, manga, waɗanda ake buɗewa daga dama. Comic Fiesta shi ne daɗaɗɗen taron masu wannan sha'awa a Malesiya. A 2002 aka fara shi, a zauren ƙungiyar Sinawan Selangor, matasa kaɗan da teburansu. Yau ya kai ga cika katafaren zauren taro na KLCC da ke gindin tagwayen benayen Petronas, Asabar da Lahadi a watan Disamba. Korona ta tsayar da shi a 2020 da 2021, da ya dawo kuwa sai ya dawo da dubun-dubatar jama'a. Ba dole ba ne sai mutum ya yi shigar wani jarumin katun kafin ya shiga, amma shigar nan da suke ce wa kosfile ita ce ƙawar taron, kuma ita yarinyar ke kwaɗayi.

Jarumar da ta fara nuna mini a waya, siket ɗinta bai fi taƙi biyu ba. Ban ce uffan ba, na miƙa mata wayarta. Haka muka yi ta jeka-ka-dawo har ta zo mini da wata daga wani shiri na masu farautar aljanu da takobi, wanda aka gina labarinsa a zamanin Taisho, tsakanin 1912 da 1926.

"Umma, dubi wannan. Ko wuyan hannunta ba a gani."

Baƙar riga ce mai maɓallai har wuya, da baƙin wando mai faɗi da aka tsuke a ƙasan gwiwa. A sama ta yafa wata farar riga mai faɗin hannu da ba a rufe gabanta, sunanta haori, an zana mata jijiyoyin fiffiken malam-buɗe-littafi da baƙi, bakinta ya rine daga kore-kore zuwa ruwan hoda. Na ce, "To, wannan dai ta yi kama da 'yar mutane."

Nan take ta ce ai ana sayar da kayan a ɗinke a intanet, sai dai a yi oda. Na buɗe hoton sosai na duba. Yadin roba ne mai sheƙi, shara-shara, zanen bugun inji, hannun an lanƙwasa shi irin na kwat. A ce 'yar mai keke ta fita da wannan? Ai da ni za a yi, ba da ita ba.

Sai da na zauna na karanci yadda Japanawa ke yanka kayansu kafin in taɓa almakashi, kuma a nan aikin ya fara yi mini daɗi. Su ba sa yanka kimono, doguwar rigarsu ta gargajiya, daga faffaɗan yadi. Ƙyallensu siriri ne, faɗinsa bai cika wuce santimita 40 ba, tsawonsa wajen mita 12, ɗauri ɗaya riga ɗaya. A miƙe ake yanka shi gunduwa-gunduwa, babu zagayen hammata, babu tsukewar ƙugu. In mai rigar siririya ce ba a datse ragowar, a cikin ɗinkin ake ɓoye ta. A da ma in za a wanke sai an warware rigar kaf, a wanke ƙyallayen, a sake haɗawa. Duk wanda ya taɓa juya cikin babbar rigar saƙi ya ga yadda ake jera siraran ƙyallayen masaƙa gefe da gefe, ya riga ya gane rabin aikin. Haori dogayen ƙyallaye biyu ne, kowanne ya taso daga ƙasan baya ya haura kafaɗa ya sauko gaba, don haka babu ɗinki a kafaɗa sam. A haɗe su a tsakiyar baya, a ɗora hannuwa masu kusurwa huɗu, a sa ɗan ƙyalle a kowane kwiɓi don rigar ta sami walawa, sannan doguwar kwala guda ɗaya ta zagayo tun daga wannan baki har wancan.

Yadi muka je nema Jalan Tuanku Abdul Rahman da Jalan Masjid India, inda kantunan yadi suke a jere. Da mita suke awo a nan, ba da yadi ba, sai mutum ya riƙa lissafi kada ya sayo kaɗan ko ya yi asara. Baƙin yadin riga da wando bai ba mu wahala ba. Farin ne na tsaya a kansa, domin rini zan yi, kuma rinin gida ba ya kama yadin roba, auduga yake so ko siliki. Wani mai kanti ya rantse mini nasa auduga ce zalla. Na roƙi ɗan guntu, muka fita waje na ƙyasta masa ashana. Auduga tana ci da wuta ta bar toka mai laushi, da warin ƙonanniyar takarda. Wannan kuwa narkewa ya yi ya dunƙule baƙi ƙirin. Muka yi gaba. Yarinyar ta ce na ba ta kunya, ni kuma na ce kuɗina ne.

Rinin ba da dabarata aka yi shi ba. Akwai wata dattijuwa a benenmu, 'yar Kelantan, jihar da ta yi suna wajen batik, wato rinin da ake zana wa yadi da kaki, muna ce mata Makcik, wato inna, kamar kowa. Ta leƙo karɓar wata riga da na rage mata, ta ga farin yadi a shimfiɗe da hoton a gefe, ta tambaya. Yarinyar ce tafintarmu, don Malayancina bai wuce na cefane ba. Da ta ji abin da muke nufi sai ta yi dariya ta ce wannan ai aikin 'yan ƙauyensu ne, in jira ta.

Ga yadda ta bi da mu. Da farko na haɗa rigar da ɗinkin wucin gadi, manyan tsalle da zare mai launi, muka shimfiɗa ta a ƙasa muka zana jijiyoyin fiffiken da fensir, ta yadda layin da ya taso daga baya zai haye ɗinki ya ci gaba a hannu ba tare da ya goce ba. Daga nan na warware. Ashe su ma Japanawan haka suke yi wa kimono mai zanen da ke ƙetare ɗinki. Kowane ƙyalle muka ɗaure shi tamau a jikin firam na katako. Makcik ta ɗora kaki a wuta, ta fito da wani ɗan cokalin tagulla mai siririn baki da mariƙin itace, canting suke ce masa. Ta ɗebo narkakken kakin ta bi layin fensir da shi, hannunta ko rawa ba ya yi, ga shi ta haura saba'in. In kakin ya yi zafi da yawa sai ya bazu, in ya huce ba zai ratsa yadin ba, kuma in bai ratsa ba rini zai ɓulla ta ƙasa ya shiga gonar maƙwabci. Takan ɗaga firam ɗin ta duba bayansa a haske, inda ta ga layi ya yanke ta sake bi.

Wurin da launi ke narkewa cikin launi shi na fi jin tsoro, sai ga shi sirrinsa ruwa ne kawai. A fara jiƙa gurbin da buroshi mai ruwa zalla, a sa ruwan hoda daga ƙasa, a sa kore daga sama, a bar su su tarar da juna tun yadin na da danshi, a ɗan shafa mahaɗar da yatsa. Saman kuma a ja koren da ruwa har ya ɓace cikin fari. Makcik ta yi gurbi ɗaya ta miƙa wa yarinyar buroshi. Ni na so in karɓa, ta riƙe mini hannu ta ce a'a, mai sa riga ita za ta rina abinta. Na ji maganar, na koma gefe. Hannun hagun rigar ya fi na dama duhu har yau, kuma ita kaɗai ta san dalili.

Disamba damina ce a nan, kusan kullum da yamma sai an yi ruwa, iska kuma jiƙe take, saboda haka a ƙarƙashin fanka muka shanya. Da ya bushe aka shafe shi da wani ruwa mai kauri da santsi, sodiyam silikat, wanda ke kama launin kada ya zuba, aka bar shi ya kwana. Washegari muka ɗauraye, muka tafasa ruwa a babbar tukunyata ta tuwon suna muka tsoma, kakin ya narke ya taso sama. Inda kaki ya bi fari yake fitowa, mu kuma baƙi muke so, don haka sai da muka sake bin kowane layi da baƙin fentin yadi, aka kafe shi da dutsen guga. Falo ya yi mako yana warin kaki. Abbansu ya kwashe littattafansa ya koma laburare.

Haɗawar ba ta ɗau lokaci ba, ban da kwala, wadda ta ƙi kwanciya a ƙeya har sai da na bar keke na bi ta da allura. Kalmasar ƙasa da ta hannu ma duk da hannu na yi, don kada zare ya fito a fuskar zanen. Riga na ƙara mata tsawo ta rufe mazaunai, wando na ƙara masa faɗi. Tattarar gabansa na kafe da tsumma mai ruwan khal da guga mai zafi, ta tsaya cak har dare.

Saura gashi. Sauran yara hular gashi suke sawa, mu kuwa an riga an yi sharaɗi. Amma ba mu muka fara ba. 'Yan matan Malesiya da Indonesiya sun daɗe suna kosfile da hijabi, suna sarrafa ƙyalle ya ba da siffar gashin jarumar ba tare da silin gashi ya fito ba. Jarumarmu gashinta baƙi ne, ƙarshensa shunayya, beza biyu sun sauko gefen fuska, sauran an tattare a baya da adon malam-buɗe-littafi. Baƙin yadi ba ya rinuwa ya koma shunayya, sai na juya lissafin: na yanka bezar daga yadi shunayya, na manna masa gam don ya tsaya, na shafa baƙi daga sama yana raguwa. Na ɗinke su a jikin hular ciki, baƙin hijabi mai talewa ya hau kai, ƙasansa ya shige cikin riga. Ƙullin baya na cusa masa auduga na ɗora shi can sama yadda ya fi kyau a hoto.

Abbansu ya shigo ya tsaya yana kallo. "Wannan tozon fa?"

"Abba, haka gashinta yake."

"Ke ba ki san hadisin masu kai kamar tozon raƙumi ba? A sauke shi."

Na zare rabin audugar na mayar da ƙullin ƙeya. Da muka sake duba hoton, ashe na jarumar ma ba can ƙoli yake ba. Shi kuma da ya ga an bi maganarsa sai ya ɗauki aikin takobi, wai kada mu yanke hannu. Dokar taron ta hana makami na gaske da duk wani abu mai kaifi, don haka da soson EVA ake yi, irin tabarmar roba da ake shimfiɗa wa yara a ƙasa. Ya sa siririyar sanda a tsakiya, ya shafa gam irin na masu gyaran takalmi a fuska biyu, ya jira ya sha iska kafin ya haɗa, ya fere da reza, ya goge da samfefa, ya shafe da farin gam na kafintoci don soson kada ya shanye fenti. Mutumin da ya ce duk wannan shiririta ce, na farka cikin dare na same shi a baranda yana gyara wa takobi kube.

Akwai abu ɗaya da ban sa cikin sharaɗi ba, don ban zata zai taso ba. Da muka je sayen kayan kwalliya, mai kantin ta ga hoton sai ta ɗauko hoda mai haske sosai, ta ce da wannan za ta fi kama da jarumar. Yarinyar ta riƙe kwalbar ta yi shiru tana juya ta. Na san shirun nan. Na gan shi a fuskar 'yan mata da yawa a gida, gaban teburin masu man bilicin. Na ce mata, "Riga muka ɗinka, ba fata ba. Ajiye." Muka ɗauki wadda ta dace da kalarta. A mota ba ta yi mini magana ba, ni ma ban nema ba.

Tikiti tun da wuri muka saya a intanet, lambar ta zo a waya. Ranar Asabar muna idar da Asuba muka fita. Layin jirgin ƙasan MRT na Putrajaya, wanda aka kammala buɗewa a 2023, yana ɗaukar mutum daga tashar UPM har Persiaran KLCC ba sai ya sauya ba. Baƙaƙen kayan ta sa daga gida, haorin na ninke a jaka don kada a zauna mata a kai. Tun a jirgi aka fara gane juna. Kowace tasha sai ka ga an shigo da akwati mai taya, ko gashi shuɗi, ko wani dogon abu a naɗe cikin baƙar leda. Wani tsoho Basine da ke kusa da ni ya sauke jaridarsa ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya dube ni, na dube shi, kowa ya kama kansa.

Layin shiga dogo ne ƙwarai, ya yi ta naɗewa yana warwarewa, amma yana tafiya. 'Yan sa-kai ne ke tsare da shi, yara sa'o'in ƙannena, da alluna a hannu, murya duk ta dushe tun hantsi. Aka duba lambar waya, aka ɗaura mana abin hannu, aka leƙa jaka. Wani saurayi ya karɓi takobin Abbansu ya latsa tsininsa, ya ɗan lanƙwasa shi, ya gyaɗa kai. Wanda zai je, ya tafi da ruwan sha da takalmi marar tsini, ya kuma ci abinci ya ƙoshi daga gida.

Ciki kuwa hayaniya ce da sanyin na'ura. Can gefe dandamali ne, ana waƙa da gasar shiga, ƙarar har cikin ƙirji, ban daɗe a wurin ba. Manyan kamfanonin wasannin bidiyo sun kafa rumfuna masu fitilu. Ni inda ya riƙe ni shi ne kasuwar masu zane: tebura ɗaruruwa a jere, kowane da mai shi a zaune bayan abin da hannunsa ya yi, hotuna, sitika, maƙalan makulli, bajoji, da ƙananan littattafan da suka rubuta suka zana suka kai ɗab'i da kuɗinsu. Wannan al'ada daga Japan ta taso, inda kasuwar Comiket ta Tokyo ke ci tun 1975. Amma ba duka ne kwaikwayon Japan ba. Na ga kyanwa sanye da baju kurung, rigar matan Malay, na ga nasi lemak, shinkafarsu mai madarar kwakwa, da ido da baki, na ga mai sayar da teh tarik, shayinsu mai madara, an mayar da shi jarumi. Galibi da waya ake biya, a haska lambar da ke kan tebur. Na sayi wani ɗan littafi wurin wata yarinya mai gilashi, labarin kicin ɗin kakarta, babu rubutu ko ɗaya sai zane. Da na miƙa kuɗin hannunta har rawa yake.

Ba zan ce komai ya yi mini ba. Akwai teburan da na ja hannun yarinyar muka wuce da sauri, hotunan 'yan mata ne da ba su da maraba da tsirara, fuska ta yara, jiki na manya. Akwai kuma shigar da na gani na kau da kai. Wanda zai bar ɗansa ya je shi kaɗai ya san da wannan.

Abin da na zo tsaro kuwa, wato samari da kyamara, bai zo yadda na zata ba. Ƙa'idar wurin ita ce ba a ɗaukar mutum hoto sai an tambaye shi, ba a kuma taɓa shi ko kayansa. Mafi yawa sun kiyaye. Saurayi zai zo ya ɗan rusuna ya nuna waya, in ta yarda ya tsaya nesa kaɗan, hannu a baya ko ya ɗaga yatsu biyu, ya yi godiya ya wuce. Ɗaya ne ya matso fiye da kima, na yi gyaran murya, ya ja da baya har yana tuntuɓe. Suna da 'yan katunan da suke musaya masu hotonsu da sunan shafinsu na Instagram, wasu har da alewa a maƙale. Mu ba mu buga ba, na kuma hana ba da lambar waya. Masu irin shigarta sun fi a ƙirga, har suka taru suka yi hoto tare, ita kaɗai ce baƙa a tsakiya. An tambaye ta daga ina, ta ce Najeriya, aka ce kai, da nisa. Ba wanda ya ce mata jarumar ba baƙa ba ce, a gabana dai.

Muna tsaye sai ga wata mata Basiniya, za ta yi sa'ata, cikin doguwar rigar sarauniya mai aiki tun daga wuya har ƙasa. Ta nemi izini, yarinyar ta gyara tsayuwa tana jiran hoto. Matar ba ta ko ɗaga waya ba. Ta sunkuya ta kama bakin haorin ta juya cikinsa, ta bi kalmasar da farce, ta ɗaga hannun rigar ta duba inda layin fiffike ya haye ɗinki. Ban ji haushi ba, domin abin da nake yi wa mutane da ido ke nan tun safe. Ta ɗago ta tambaya wa ya ɗinka. Yarinyar da ba ta so a gan ta da ni ta nuna ni da baki. Matar ta ce batik ne wannan? Na ce batik ne. Sai ta kama gefen tata rigar ta juya mini ciki ba tare da na roƙa ba. Kowane ɗinki ta naɗe bakinsa da siririn ƙyalle, ko zare ɗaya bai leƙo ba, duwatsun kuma ɗaya-ɗaya ta ɗinka su, ba manni ba ne. Ta ce ma'aikaciyar banki ce, da daddare take ɗinki. Muka tsaya muna ta nuna wa juna ciki da bai, yara na jiranmu. Daga nan na daina ganin gashi shuɗi da idon roba, na koma ganin wanda ya yi ɗinki, da wanda ya yi sassaƙa da soso, da wanda ya saya ya saka. Daga nesa ana ganewa.

Azahar a Kuala Lumpur sai bayan ƙarfe ɗaya. Akwai masallacin As-Syakirin a cikin lambun KLCC, amma hadari ya haɗo, sai muka nufi ɗakin sallar da ke cikin ginin, surau. Ban taɓa ganin ƙofar masallaci irin wannan ba. Inda ake ajiye takalma, ga takubba a jingine, ga fukafukai, ga sulken soso an tuɓe an jera, ga wani ƙaton kan dabba an ɗora a kan akwati. A wurin alwala 'yan mata sun yi layi da audugar goge fuska, domin kwalliyar da ba ta jin ruwa sai an cire ta ruwa ya taɓa fata. Wasu tun gida suka yi alwala suka yi ta riƙo. Tawa ta gwada hakan, shayin da ta sha ya karya mata lissafi, dole ta wanke aikin da ta ɓata lokaci tana yi da asuba. Suka zura farin telekung, hijabin salla da ake ajiyewa a irin waɗannan ɗakuna don mai buƙata, sahu ya daidaita, ba ka sanin wace ce aljana wace ce gimbiya sai in ka dubi safa.

Bayan sallama na ji shessheƙa a bayana. Wata yarinya ce 'yar Malay, hannun kimononta ya kama ƙofa ya yage tun daga kafaɗa, ga shi an kusa kiran su dandamali. Ƙawayenta na ta neman abin maƙalawa. Ni kuwa ba na fita ba allura da zare, baƙi da fari, a cikin jakata. Na ce ta zauna. Ina cikin ɗinki tawa ta lura ta ce mata ta rufe rigar a juye, ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama, akasin haka gawa ake yi wa. Yarinyar ta zaro ido, aka kwance ɗamara aka gyara. Da na cije zare ta kama hannuna ta kai goshinta, yadda yaransu ke gaida manya. Kafin in tashi wata ta miƙo madaurin takalmi, wata maɓalli. Sai da tawa ta ce, "Umma, don Allah, za a rufe kasuwa," sannan na tattara.

La'asar na yi muka kama hanya, ƙafafuna sun kumbura, ita kuwa ko a jikinta. Ranar Lahadi na ce Abbansu ya karɓe ni, tunda shi ma da hannunsa a sharaɗin. Ya je ya dawo yana faɗa a kan tsadar abinci, amma sai da ya ba ni labarin wani yaro da ya tambaye shi yadda ya yi kuben takobin.

Haorin na wanke shi da ruwan sanyi, ruwan hodar ya ɗan sauka kaɗan, Makcik ta ce haka wankin fari yake yi. Cikin makon yarinyar da na ɗinke wa hannu ta samo tawa a Instagram, wai tana son in yi mata kaya na wani taron da ke tafe, ta turo hoto. Na duba, siket ɗin ya sauka har idon sawu, sai dai tattararsa ta yi yawa kuma akwai shafi. Na ce a gaya mata ta zo da mahaifiyarta a yi awo, ta kawo yadinta da kanta, auduga, wata biyu kafin ranar, kuma rabin kuɗi a hannu kafin in sa almakashi.